Kalmomin kimiyya na Ingilishi: abin da yaro zai iya koya daga randa, zoɓo da kanwa

A ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2025 ne aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Sai dai a cikin aji, yawancin yaran makarantun gwamnati ba sa haɗuwa da Ingilishi sai sun shiga kolej, darussan lissafi da fizik da shimi da ilimin halittu kuma da Faransanci suka saba ɗaukar su.

Shi ya sa ake samun ɗalibin da ya ci BEPC, ya iya gaisuwa da faɗin sunansa da shekarunsa da Ingilishi, amma in ya buɗe bidiyon YouTube mai koya yadda ake haɗa faifan sola da batir, ko ya ɗauki kwalbar maganin ƙwari da ta shigo ta Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni, sai ya yi cirko-cirko. Sau da yawa ya san darasin, an koya masa shi a lakwal. Sunan da Ingilishi ke kiran abin da shi ne bai sani ba.

Ƴan ƙasarmu mazauna New York da Landan da Accra da Legas su ma suna fama da irin wannan. Yaro ya dawo daga makaranta da takarda cewa zai shirya “science fair project”, wato ɗan binciken da zai baje a gasar kimiyya ta makarantarsu, uba ko uwa su rasa ta inda za su kama masa. Tun da mafi yawan binciken kimiyyar da ake wallafawa a duniya yau da Ingilishi yake fitowa, wannan giɓi yana iya raba yaro da gurbin karatu ko sana'a.

Inda sauƙin yake, da inda wuyar take

Yaron da ya yi karatun Faransanci ya riga ya mallaki tarin kalmomin kimiyya na Ingilishi bai sani ba, domin harsunan biyu daga Latin da Girkanci suka aro su. “Énergie” ita ce “energy”, “oxygène” ita ce “oxygen”, su kuwa “microscope”, “virus” da “solution” ko harafi ɗaya bai sauya ba. Bambancin yana wajen furuci. Bafaranshe na cewa “siyans”, Bature na Ingila na cewa “sayans”. Kalmomin da suka ƙare da “tion” ana rufe su da sautin “shan” a Ingilishi, “ch” ɗin da ke farkon “chemistry” kuma sautin “k” ne.

Hausa ma ta yi nata aron tuntuni. Batir, waya, injin, famfo, gilashi, lantarki, kananzir da fetur duk daga Ingilishi suka shigo. Yaron Maraɗi ko Magarya da ke jin wani ya ce isansi wani ya ce fetur, wani ya ce kuran wani ya ce lantarki, ƙofa biyu gare shi.

Kalmomin da ke kayar da ɗalibi su ne gajeru na yau da kullum, waɗanda ba su da kama da na Faransanci ko kaɗan. “Heat” zafi ne, “light” haske, “shadow” inuwa, “weight” nauyi, “soil” ƙasar noma, “sand” rairayi, “seed” iri, “root” saiwa, “leaf” ganye, “blood” jini, “bone” ƙashi, “skin” fata, “smoke” hayaƙi, “steam” tururi. Da su ya kamata a fara, kuma duk akwai su a tsakar gida, ana iya nuna su da yatsa.

Kalmomin aikin mai bincike

Duk littafin kimiyya na yara da aka rubuta da Ingilishi yana maimaita wasu kalmomi kaɗan, domin su ne matakan bincike. A ɗauki misalin gawo, itacen da kowane manomi ya sani. Yaro ya lura cewa gawo na zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa. Wannan lura ita ce “observe”. Ya ga kuma hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kyau, sai ya yi tambaya, wato “question”: me ya jawo haka? Sai ya yi hasashe, ya ce watakila ƙasar gindin gawo ta fi taki. Hasashen da za a iya gwadawa shi ake kira “hypothesis”.

Daga nan sai gwaji, “experiment”. Ya ɗebo ƙasa daga gindin gawo a gwangwani ɗaya, ya ɗebo ta fili a wani, ya shuka hatsi iri ɗaya, ya riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Kowane kwana uku ya auna tsawonsu, wato “measure”, ya rubuta a kaye, wato “record”. Lambobin da ya tara su ne “data”, abin da ya fito shi ne “result”, hukuncin da ya yanke a ƙarshe kuma “conclusion”. Kalma tara ke nan, kuma da su ake gina rahoton ɗan firamare da na mai digiri na uku.

Irin wannan lura ce ta sauya fuskar gonakin jihar Maraɗi. A shekarar 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya gane cewa ƴan tsirran da ake sarewa a gona lokacin shara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa. In aka rage tohon aka bar ƙarfafa kaɗan, sai su koma itace. Dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, ya kuma samu kyautar Right Livelihood a 2018. Wanda ke son karanta labarin da Ingilishi yana buƙatar “stump” kututture, “shoot” toho da “prune” rage rassa.

Gwaje-gwajen da ba sa cin ko dala

Randa ce malama ta farko. Ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi saboda yumɓu na da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa waje, iska na busar da shi, bushewar kuma na tafiya da zafi. Yumɓu shi ne “clay”, bushewar ruwa zuwa iska “evaporation”, sanyaya abu “cool”. Gumi, wato “sweat”, haka yake yi wa jikin mutum. Da wannan ilimi ne wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sanya ƙaramar tukunya cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, don tumatir da ganye su daɗe ba su lalace ba. Ya samu kyautar Rolex a kan haka a shekarar 2000. Da Ingilishi “pot-in-pot” ake kiran ta, yaro na iya haɗa tasa da rana ɗaya.

Sai zoɓo. A jiƙa shi ba sukari, a tsinka shi da ruwa, a zuba a kofi uku na gilashi. A matsa lemun tsami a na farko, jansa zai ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, zai rikiɗe ya koma kore mai duhu. Na uku a bar shi yadda yake don kwatance. Lemun tsami da tsamiya “acid” ne, kanwa da ruwan toka “base” ne ko “alkali”, shi kuma zoɓon da ke nuna bambancinsu ta launi “indicator” ne. Kofin da ba a taɓa ba sunansa “control”, kuma gwajin da ba shi da shi bai cika ba. Kalmomin aikin su ne “pour” zuba, “mix” gauraya, “stir” motsa, “change” sauya.

Ƙwai na nutsewa a ruwan sha, amma in aka narkar da gishiri mai yawa sai ya taso sama. “Sink” nutsewa, “float” tasowa, “dissolve” narkewar gishiri ko sukari a ruwa. A nan akwai abin lura: Hausa na cewa narke ga gishiri a ruwa da kuma ƙanƙara a rana, Ingilishi ya raba su biyu, na ƙanƙara da man shanu “melt” ne.

Tsohuwar lasifikar rediyo na ɗauke da maganaɗisu, “magnet”. A ba yaro ya zaga gida yana gwadawa. Zai kama ƙusa da gwangwanin tumatir, ba zai kama wayar tagulla ba, yawancin gwangwanayen lemo ma ba zai kama su ba domin na alminiyam ne. Ƙarfe “iron” ne, ana furta shi “ayan”, jan ƙarfe “copper”, jawowa “attract”, turewa “repel”.

Lokacin hunturu kuwa, a goga matajin roba a gashi a kusantar da shi ga gutsattsarin takarda, za su yi tsalle su manne. Wannan “static electricity” ne, kuma ya fi aiki in iska ta bushe, wato “dry”, fiye da lokacin damina da take da laima, wato “humid”. Wake da aka sa cikin jiƙaƙƙiyar auduga zai tsaga cikin ƴan kwanaki, ya koya wa yaro “germinate” tsirowa da “grow” girma.

Kalmomin da ke yaudarar mai Faransanci

Wasu kalmomin sun yi kama a ido amma ma'anarsu ta sha bamban. Da Faransanci “expérience” na nufin gwaji da kuma gogewa. Ingilishi ya raba su: gwajin ɗakin bincike “experiment”, gogewar aiki “experience”. “Physicien” masanin fizik ne, amma “physician” na Ingilishi likita ne, masanin fizik “physicist” ake ce masa. Pil ɗin da muke sa wa cocila “battery” ne, domin “pile” a Ingilishi tsibi ne, kamar na albasa a kasuwa. “Library” ɗakin karatu ne inda ake aron littafi, shagon sayar da littafi “bookshop” ne. “College” a Amurka karatun gaba da bakaloriya ne, don haka matashin da ya rubuta a takardar neman aiki cewa ya gama “college” alhali kolej ɗinmu yake nufi, ya faɗi abin da bai yi niyya ba.

Gajerun sunaye ma kan juye. ADN ya koma DNA, SIDA ta koma AIDS, OMS ta koma WHO. Abin da ba ya sauyawa shi ne alamomin sinadarai. Fe ƙarfe ne a kowane harshe, Pb dalma, H2O ruwa. Buhun takin zamani mai ɗauke da NPK 15-15-15 darasi ne a kansa: N ita ce “azote” ta Faransanci, “nitrogen” a Ingilishi, P “phosphorus”, K “potassium”.

Waƙafi da ɗigo

Kuskuren da ya fi hatsari yana cikin lambobi. Mai karatun Faransanci na rubuta biyu da rabi 2,5, mai Ingilishi na rubuta 2.5. Waƙafi a Ingilishi dubbai yake rabawa, saboda haka 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, alhali ɗan lakwal zai karanta shi ɗaya da rabi. A jarrabawa maki ne zai tafi. A kan kwalbar maganin yaro kuwa abin ya wuce maki.

“Billion” na Ingilishi shi ne miliyar ɗinmu, wanda ƴan Najeriya ke kira biliyan. A Amurka ana fara rubuta wata kafin rana, 03/04 na nufin 4 ga Maris. Zafi kuma da ma'aunin Fahrenheit suke auna shi. Digiri 45 na watan Afrilu a Tawa 113 ne a wurinsu, zazzaɓin digiri 38 kuma 100.4. Hanyar juyawa ita ce a cire 32 a raba da 1.8: in ma'auni ya nuna 104, digiri 40 ke nan, sai a nufi likita. Kilo ɗaya kimanin “pound” 2.2 ne, “mile” ɗaya kimanin kilomita 1.6, “inch” ɗaya santimita 2.54.

Abin da ke rubuce a jikin kwalba

Kaya da yawa da ke kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Ƙonni daga Najeriya suke shigowa, rubutunsu kuma da Ingilishi. Akwai kalmomin da bai kamata yaron da ya iya karatu ya rasa su ba, domin sau da yawa shi ake miƙa wa kwalba a ce ya karanta. “Poison” da “toxic” guba ne. “Flammable” abu ne mai saurin kama wuta. “Warning” da “caution” gargaɗi ne. “Do not swallow” kada a haɗiya. “Keep out of reach of children” a ajiye inda hannun yara ba zai kai ba. “For external use only” na shafawa ne, ba a sha. “Dose” adadin da za a sha, “twice daily” sau biyu a rana, “EXP” ko “expiry date” ranar da magani ke daina aiki.

Sai “lead”, wadda ake furtawa “led”, wato dalma. A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a jihar Zamfara. Akwai dalma da ruwan asid cikin batirin mota da na sola, don haka duk ɗokin yaro na bincike, kada a bar shi ya fasa tsohon batir, ko ya taɓa wayar kuran ta gida. Ƙaramin pil ya ishe shi gwajin kunna ƙwan fitila, inda zai koyi “wire” waya, “bulb” ƙwan fitila, “switch” makunni da “circuit” zagayen da wuta ke bi.

Yaran da ƙarancin kalmomi bai tsayar ba

William Kamkwamba ɗan ƙasar Malawi ya bar makaranta lokacin yunwar 2001 zuwa 2002, saboda iyayensa sun kasa biyan kuɗi. A wani ɗan ɗakin karatu na ƙauye ya ci karo da littafi mai suna Using Energy, mai hoton injinan iska a bangonsa. Ingilishinsa bai kai ya karanta shi sosai ba, sai ya riƙa bin zane yana haɗa shi da kalmomin da ke gefe. Yana da shekara 14 ya haɗa injin da iska ke juyawa ya ba da wuta, da tarkacen keke da fankar tarakta da bututun roba. An buga labarinsa a littafi a 2009, aka mayar da shi fim a 2019, shi kuma ya kammala karatu a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 2014.

A Amurka, Gitanjali Rao tana da shekara 11 a 2017 lokacin da ta ci gasar ƙananan masu bincike da na'urar gano dalma a ruwan sha, bayan ta ji labarin gurɓatar ruwan birnin Flint. Mujallar Time ta zaɓe ta gwarzuwar yara ta shekarar 2020. A 2018 kuma wasu ƴan mata ƴan sakandare daga Onitsha a Najeriya suka zo na ɗaya a rukunin ƙanana na gasar Technovation, da manhajar waya ta gano jabun magani. Dukansu da matsalar da ke gabansu suka fara: duhu, gurɓataccen ruwa, maganin jabu.

Namu yaran ma suna da abin alfahari da za su karanta. Dabbar da ake kira Nigersaurus, mai haƙora kusan 500, a Gadufawa ta jihar Agadas aka tono ƙasusuwanta, kuma sunan ƙasarmu take ɗauke da shi tun 1999. Mafi yawan abin da aka rubuta a kanta da Ingilishi ne. Yaron da ya je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya ga ƙwarangwal ɗin irin waɗannan dabbobi, in ya san “fossil” ƙashin da ya zama dutse, “skeleton” ƙwarangwal da “extinct” abin da irinsa ya ƙare, zai iya ci gaba da bincike a wayar yayansa.

Hausa tana nan a gindi

Koyon waɗannan kalmomi ba ya nufin a ajiye Hausa. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik da ya shugabanci hukumar binciken makamashin rana ta ONERSOL, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira tun a littafinsa na 1964, L'éducation en Afrique, da a koyar da yaran Afirka da harsunansu. Yaron da ya fahimci dalilin sanyin randa da Hausa, lanƙaya masa “evaporation” aikin minti ɗaya ne. Wanda aka sa ya haddace kalmar bai taɓa haɗa ta da randa ba, da an gama jarrabawa zai manta.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce kaye ɗaya mai layi uku: Hausa, Faransanci, Ingilishi, da ɗan zane a gefe. Kalma biyar a mako sun isa, a shekara sun zama 260. Kowace kalma a sa ta cikin gajeriyar jimla, kamar “the egg floats” ko “the water is cool”. Ƙamus na waya irin su Cambridge da Oxford suna da maɓallin jin furuci. Yayye da kawunnai da ke Kano, Accra ko Amurka kuma za su iya aiko da kalmomin mako ta saƙon murya a WhatsApp, ƙane ya maimaita ya mayar musu, tare da hoton gwajin da ya yi.

Kada a ware ƴan mata. Yawancin kayan gwajin nan, kanwa, tsamiya, gishiri, zoɓo da randa, a madafa suke, kuma yarinyar da ke taya uwarta girki ta riga ta ga abin da kanwa ke yi wa wake da kuɓewa. Tambayar “me ya sa?” ce ya kamata a riƙa karɓa daga bakinta da fara'a, maimakon a ce ta cika surutu, tun da matambayi ba ya ɓata. Da Ingilishi ana fara irin wannan tambaya da “why”, “how” ko “what happens if”, wato me zai faru idan. A fara da su a shafin farko na kayen, sannan a jiƙa zoɓo.